Shaidar Kaska da Ƙwaryar Fura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwanta ruf-da-ciki a kan cinyar surukina ba, fura na bin bayana. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, domin har yau shaidar abin tana rataye a jikin makullin motarsa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a kara, kasuwar shanu ta Mai'adua, sai an nuna masa. (Ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne. Mu ce Alhaji, tunda Alhazai ba su yi wa Daura kaɗan ba.)

Sana'ata sassaƙar ƙarfe ce da inji. Ba walda ba ce, ba ƙira ba ce, ko da yake mutanen unguwarmu sun gaji da bayanina sun yanke hukunci cewa ni maƙeri ne mai kwamfuta. Injin shi ne wanda ake ce wa CNC. Ka zana abin da kake so a kwamfuta, ka ɗaure ƙarfe a kan teburin injin, ka danna maɓalli, sai teburin ya riƙa tafiya hagu da dama, gaba da baya, a ƙarƙashin wata wuƙa mai juyawa, har abin ya fito. Na samo shi ne daga wata masana'anta da ta rufe a Kano, fentinsa ya koɗe amma ƙashinsa da sauran ƙarfi. Ina yi wa masu injin niƙa da masu noman rani ƙananan kayan gyara da ba a samu a kasuwa. Aiki ne na rufin asiri, amma ni a lokacin ji nake daga Baure har bakin boda babu mai kai irin nawa. Har rigar aiki na ɗinka shuɗiya, aka rubuta Injiniya a aljihunta. (Ni na sa aka rubuta. Babu wanda ya naɗa ni.)

To, a wannan hali ne na kamu da son Zinatu, 'yar Alhaji. Ita ba ta da matsala da ni, in ka cire cewa ba ta iya ganin abin dariya ta bar shi ya wuce. Mahaifiyarta ma ta yarda. Alhaji ne ya tsaya. Shi mutum ne da ya tashi a bayan shanu, yana saye yana sayarwa tun kafin a haife ni, kuma a wajensa sana'ar da ba ta sa mutum gumi ba sana'a ba ce. Da aka kai masa maganata sai ya ce, "Mutum yana zaune, inji na aiki, shi yana kallo. To wa ke da sana'ar, shi ko injin? In injin ne, sai a turo mini injin mu yi magana." Daga baya ya ɗan sauko, ya ce yana buƙatar sabon ƙarfen shaida, irin wanda ake gasawa a wuta a ɗora wa saniya don a san ta wane ce. Ya ce zai zo shagona da ƙafarsa, a yi a gabansa. In ya ga aiki, magabatana su zo. In bai gani ba, kowa ya kama gabansa.

Zinatu ce ta kawo mini saƙon a ƙofar gidansu, da zanen shaidar a jikin kwalin sabulu: da'ira, da ƙafar kaza a cikinta.

"Faɗinta inci huɗu," ta ce. "Kuma don Allah, Injiniya, ka ji ni da kyau. Baba da inci yake magana. Katako inci, ƙusa inci, kitsen bayan sa ma inci. Kada ka soma masa milimitar nan taka, zai ce raina masa hankali kake."

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Injina yana jin kowane yare."

"Shi yana ji," ta ce. "Kai nake ji wa."

Da ma na tsaya a nan. Inci huɗu milimita ɗari da ɗaya ne da 'yan kai, da na rubuta haka injin ya yi aikinsa kamar yadda ya saba, da babu wanda zai ji kanmu. Amma ina! Sai shaiɗanin burga ya raɗa mini cewa Alhaji zai kalli fuskar kwamfutar, kuma zai fi jin daɗi in ya ga lambobi suna hawa ɗaya, biyu, uku, huɗu, da incin da ya sani. Na hango shi yana gyaɗa kai. Na hango shi yana cewa a turo. Ashe neman gira nake shirin yi da idona.

Bari in ɗan yi bayani, ba zan wahalar da ku ba. Abin da ke tura teburin injin wani dogon sukuru ne, mai noti cike da ƙananan ƙwallayen boris don ya riƙa sulɓi. Duk juyi ɗaya da sukurun ya yi, teburin yana matsawa milimita biyar. Shi inji ba shi da ido, bai san ya yi tafiya ko bai yi ba, abin da ka gaya masa kawai yake ƙirgawa. Akwai gurbi a kwamfutar inda ake rubuta masa nisan juyi ɗaya, akwai kuma wani gurbin inda ake zaɓar masa ma'auni, milimita ko inci. Muddin yana kan milimita, biyar ce a gurbin farko, lafiya lau. In ka mayar da shi inci, dole ka raba biyar ɗin nan da ashirin da biyar da ɗigo huɗu, domin milimitocin da ke cikin inci ɗaya ke nan, ka rubuta ɗan mitsitsin abin da ya fito, wato sifili da ɗigo ɗaya tara bakwai. Wannan lissafi na san shi tun ina makaranta, na ci shi a jarrabawa, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi. Na faɗi haka ne don kada wani mai tausayi ya ba ni uzurin jahilci.

Da safiyar ranar na share shago har ƙarƙashin injin, na goge gilas, na aro kujera mai hannu daga wajen maƙwabcina Sale mai walda. Na shiga kwamfuta na canja ma'auni zuwa inci, na ja da baya ina kallon yadda ya yi kyau. Ina shirin taɓa gurbin biyar ɗin ke nan sai Innata ta kira ni a waya, wai in zo in ɗauki furar baƙo kafin nono ya yi tsami. Ta dama ta ne da kanta a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce ɗanta ba zai tari suruki da lemon kwalba ba kamar wanda ba shi da uwa. Na je na ɗauko, na dawo ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga nan biyar ta fita daga kaina fit.

Shagon nawa siriri ne, injin ya cinye rabinsa. Na ajiye kujerar Alhaji a gefen dama na injin, daidai ƙarƙashin akwatin da jan maɓallin tsayawa yake, don ya ga kwamfuta sosai. Ƙwaryar fura kuwa na ɗora ta a kan wata doguwar kujerar katako tsakaninsa da bakin teburin injin. Na ce ai aikin inci huɗu ne, teburin ba zai zo ko kusa da nan ba.

Alhaji ya iso da hantsi cikin farar babbar riga mai sitaci, irin wadda ke ƙara in mutum ya motsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa a taƙaice, ya zauna, ya ɓare goro. Ya kalli injin daga sama har ƙasa yadda na tabbata yake kallon sa a kasuwa.

"To, Injiniya," ya ce. "Bismilla."

Na ɗaure farantin ƙarfe, na sa wata 'yar siririyar wuƙa mai tsini don ta fara zana layin shaidar kafin a shiga yanka, na danna. Injin ya ɗau kuka. Lambobi suka fara hawa a kwamfuta yadda na yi mafarki: inci ɗaya, inci biyu, inci uku. Na saci kallon Alhaji. Shi kuwa ba kwamfuta yake kallo ba, teburi yake kallo. Na bi idonsa. Teburin yana nan inda yake, sai ɗan rawar jiki da yake yi kamar mai jin sanyi.

"Ya fara ne?" in ji Alhaji.

"Ya yi nisa ma, Baba," na ce. "Shi aikin ƙwarai ba ya son hayaniya."

Wallahi haka na ce. Na ƙara da bayanin cewa injinan zamani ido ba ya iya bin tafiyarsu. Ya ce uhm, ya ci gaba da tauna goro. Can injin ya yi shiru, kwamfuta ta ce an gama. Na kwance farantin, na hure shi, na duba. Babu komai. Na juya bayansa, ko da yake na san ba ta nan aka yi ba. Na sake juyowa. A tsakiya na ga wani ɗan tabo wanda bai fi ƙwayar dawa ba.

A nan biyar ta dawo mini. Na gaya wa injin cewa duk juyi ɗaya inci biyar ne, alhali milimita biyar ne. Shi kuwa bawan Allah ya ɗan murɗa sukurunsa kaɗan, ya ƙirga, ya ga ya cika inci huɗu, ya huta. Gumi ya karyo mini, irin gumin da Alhaji ya ce sana'ata ba ta sawa.

Ya miƙo hannu, ba yadda na iya, na ba shi da hannu biyu. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya sa, ya tashi ya je bakin ƙofa wajen haske, ya kai farantin dab da hancinsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shaidarmu ce kuwa. Ga da'irar, ga ƙafar kazar, yatsu uku cif. Ko maƙerin babana bai taɓa fitar da ita haka ba." Zuciyata ta ɗan ɗago. Sai ya cire tabarau ya dube ni. "Amma Injiniya, shanun zan sa wa, ko kaskar jikinsu?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwaji ne, Baba."

Allah ya taimake ni wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne, Baffa Malam, ya taso daga Baure zai wuce asibiti duba wani, ya ji Alhaji yana shagon yaron da ke neman Zinatu, ya ce sai ya biyo ya sa albarka. Alhaji ya saka farantin a aljihu, ya fita bakin titi yana yi masa kwatance. Ni kuma na faɗa wa kwamfuta kamar wanda kura ta biyo.

Yanzu ku kula, don a nan ne na nuna cikakkiyar basirata. Ciwon nan magani biyu gare shi, kowanne shi kaɗai ya isa. Ko dai in bar ma'auni a inci in gyara biyar ta koma ɗan mitsitsin lissafin nan, ko kuwa in bar biyar a inda take in mayar da ma'auni milimita. Na ciro waya, na raba, na rubuta sifili da ɗigo ɗaya tara bakwai. Daidai. Da na ɗaga hannuna a nan, da yau labarin kaska kawai ake ba ni. Sai wata zuciyar ta ce, kai, incin nan ne ya jawo maka, koma gidanka na milimita da ka sani. Na mayar da ma'auni milimita. Na bar ɗan mitsitsin lissafin a gurbinsa. Na haɗiye magani biyu a kan ciwo ɗaya, har ina jin na yi taka-tsantsan.

Ma'anar abin da na yi ita ce, yanzu injin ya ɗauka duk juyi ɗaya ko rubu'in milimita bai kai ba, don haka sai ya yi ta juyi kafin ya yarda ya isa. Ɗazu ya rage aikin ninki ashirin da biyar, yanzu zai ƙara shi ninki ashirin da biyar. Shaidar da zai zana ta fi ƙofar shagona tsawo, teburin kuwa duka tafiyarsa ba ta fi kamu uku ba. Akwai wani ɗan makunni a ƙarshen hanyar teburin da ya kamata ya tsayar da shi in ya wuce gona da iri, amma ɓera ya ci wayarsa tun damina, kullum ina cewa gobe. Abu ɗaya na hankali da na yi a ranar shi ne na ɗage wuƙar sama, na ce bari ya fara zagawa a iska mu gani.

Na danna maɓalli ke nan sai na ji, "Salamu alaikum."

Baffa Malam tsoho ne mai farin gemu, idonsa ya yi rauni, kunnensa ma sai an ɗaga murya, amma bakinsa garau. Jikina bai nemi shawarata ba. Kafin in yi tunani na riga na isa bakin ƙofa, na zube a gabansa. Ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafafunsa masu ciwon gwiwa suka tare 'yar hanyar da ke tsakanina da cikin shagon. Alhaji ya koma kujerarsa, ya juyo da ita ta fuskanci yayansa, ya ba injin baya. Ni kaɗai nake fuskantar ciki.

"Ina kwana, Baffa? An zo lafiya?"

"Lafiya lau, yaro. Ina gajiya? Ya mutan gidan? Ya mahaifiyar taka? Ya sana'a? Ya haƙuri da jama'a?"

Ina amsawa kaina a sunkuye, sai na ɗan ɗaga ido. Teburin da ɗazu ya ƙi motsi yanzu ya taho. Ba gudu yake ba, tafiya yake ta natsuwa, ta wanda ya san inda za shi. Ya wuce inci huɗu bai ko waiwaya ba. Ya nufi ƙwaryar Innata, ƙwaryar kuwa tana daidai saitin wuyan farar rigar Alhaji.

Na ce a raina, gaisuwa ta kusa ƙarewa, zan ce a gafarce ni in tashi. Sai Baffa ya gyara zama, ya ɗaga hannuwa biyu ya ce, "To, mu roƙa wa yaron nan albarka." Alhaji ya ɗaga nasa, ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido. Ni ma na ga hannuwana sun tashi.

Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah. Yayan surukinka yana yi maka addu'a, kai ake yi wa, kana neman 'yarsu. Za ka katse shi? Za ka tsallake ƙafafunsa? Za ka miƙa hannu ta saman kan Alhaji, mutumin da ko ruwa ba ka iya sha a gabansa? Na san amsar da za ku ba ni yanzu da kuke zaune lafiya. Ni ma yanzu na san ta.

"Allah ya buɗa masa."

"Amin."

"Allah ya kare shi daga sharrin ƙarfe."

"AMIN!"

Na ɗauka in na ƙara wa amin ɗin ƙarfi da sauri zai gane ya taƙaita. Ashe daɗi ya ji. Ya ce wa Alhaji, "Ka ji yaro mai son addu'a," ya ɗauko ta daga kakanni. A raina kuwa wata addu'ar daban nake yi: Allah ka sa a ɗauke wuta. Garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa ta gaisa ta tafi, ran nan ta zo da tabarmarta.

Sai dabara ta zo mini. A bayana, jikin bango, akwai soket mai baki da yawa, kuma wayar kwamfutar a nan take. In na zare ta, injin zai rasa mai ba shi umarni. Hannuwana suna sama, amma ai ƙafata ba takalmi. Na miƙa ta baya a hankali, ina durƙushe a kan ɗaya, na laluba da babban yatsa, na maƙalo waya, na ja. Fanka ta mutu. Amin. Na sake lalubawa, na ja. Ƙwan fitila ya mutu. Amin. Teburin ya taɓa ƙwarya, faifan ya ɗan zame. Na kai yatsa ga ta uku, na san ita ce don ta fi kauri, na fizge ta da dukan imanina. Sai akwatin batirin da na saya da alfahari, don kada ɗaukewar wuta ta taɓa kashe mini kwamfuta, ya karɓi aiki nan take, ya hau kuka ƙit, ƙit, ƙit. Bai taɓa yi mini aiki da kyau irin na ranar ba.

Ƙwaryar ta karkata. Na ga farin nono ya leƙo bakinta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Na tsallake ƙafar Baffa ta farko, ta biyu ta harɗe ni, na tafi a iska hannu a miƙe, na sauka da cikina a kan cinyar Alhaji, tafina ya daki jan maɓalli. Injin ya yi tsit. A daidai lokacin ƙwaryar ta kife. Fura ta sauko mini tun daga ƙeya, ta bi wuyan rigar Injiniya, ta gangara har ƙugu, mai sanyi, mai gaya-gaya, don Innata ba ta dama fura ta yi ruwa. Ludayi ya faɗi ƙasa. Faifan ya gangara ya fita titi, na ji wani mai babur ya yi masa hon.

Akwatin batiri ya ci gaba da ƙit, ƙit ɗinsa. Baffa ya shafa addu'arsa a natse, don shi bai ga dalilin barin ta a buɗe ba. Sannan ya ƙanƙance ido ya leƙo.

"Alhaji, wannan kuma gaisuwar 'yan boko ce?"

Ina kwance, hancina a cikin sitaci, ƙafafuna na reto. Na san ya kamata in ce wani abu. Na duba cikin kaina, duk ilimin da na tara babu ko ɗaya a gida. Na juyo da fuska na kalli Alhaji daga ƙasa, na ce, "Baba, an zo lafiya?"

Ya dube ni. Gemunsa ya ɗan motsa.

"Lafiya lau, Injiniya. In ka gama, ina son ƙafata."

Na sauka. Na koma na durƙusa, don ban san wani abin da zan yi da jikina ba, fura na ɗiga daga kunnena. Sai a sannan na lura da Sale mai walda a bakin ƙofa, ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi, ya toshe baki da safar hannu, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya miƙe ya duba rigarsa gaba da baya. Ɗigo biyu ne kawai a hannun hagu. Ya kama hannun yayansa suka fita, bai ce a turo ba, bai ce kada a turo ba. Kafin azahar labari ya kai Kusugu ya dawo, har an ƙara masa cewa na rungume Alhaji ina kuka ina cewa a ba ni Zinatu.

Ba na jin na taɓa shiga baƙin ciki irin na kwanakin da suka biyo baya. Dariyar gari ba ta dame ni sosai ba, Zinatu nake tunani. Na kira ta in ba ta haƙuri, ta ɗauka, ta ce "Injiniya," sai dariya ta ƙwace mata har tana tari, ta kashe. Ta sake kira ta ce in yafe mata, ta natsu yanzu, in ba ta labari tun daga fanka. Na ce wa ya gaya mata zancen fanka? Ta ce Baba. Na tambaye ta me ya yanke. Nan dariyar ta tsaya, ta ce wallahi bai ce komai ba, ita ma tsoro take ji. Innata kuwa ba ta tambayi ko na ji ciwo ba, ƙwaryarta ta tambaya.

Na zauna ni kaɗai na mayar da biyar gurbinta, na bar milimita a inda Allah ya ajiye ta, na gyara wayar da ɓera ya ci. Na sassaƙa ƙarfen shaida, na sa Sale ya yi masa doguwar mariƙa, na ɗauka na tafi Mai'adua ranar kasuwa. Na sami Alhaji a rumfarsa cikin abokansa. Na cire takalmi tun daga nesa. Ya karɓa, ya jera yatsunsa huɗu a kai, ya juya shi, ya gwada kaifin layin da farce, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Aiki ya yi," ya ce. Sai ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Na ji sanda fanka ta mutu. Na ga sanda fitila ta mutu, ai lumshe ido ba makanta ba ne. Na ce yaron nan wani aiki yake da ƙafa, bari in ga iya gudun ruwansa. Kunya kam kana da ita, har ta yi maka yawa. Amma ka ji in gaya maka, in saniya ta tsinke igiya ba a jiran a shafa addu'a. Ihu ake yi, ko gaban wa ake. 'Yata zan ba ka. Ran da wani abu ya taso mata, ihunka nake son ji, ba amin ba."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

"Ka ce wa mutanenka su zo." Ya ɓare goro, ya ba ni rabi. "Amma su bar fura a gida."

An yi biki, yanzu har da 'ya'ya. Farantin nan na farko Alhaji ya kai wa Sale ya yanko masa wajen tabon, ya huda, ya rataya a makulli. Abokansa a kara ba su san sunana ba, Mai Kaska suke ce mini, wasu har aiki suke kawo mini don kawai su ga shagon da abin ya faru.

Darasi kuwa na ɗauka. Ciwo ɗaya magani ɗaya, kuma in mutum ya ce inci, in ce to, in juya in yi lissafina a ɓoye, inji ya zauna da yaren da ya tashi da shi. Zancen ihu ne dai har yau ban iya ba. Na gwada, murya ba ta fita in Alhaji na wurin. Don haka na sayo jan maɓalli na biyu, na ja masa waya, na kafe shi a ƙasa a bakin ƙofa, daidai inda nake durƙusawa. Duk ran da ya biyo shagon, ina zubewa babban yatsan ƙafata yana kansa. Shi kuma sai ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya kalli yatsan, ya kalli injin, sannan ya ɗauke kujerarsa ya koma waje.